An ce in zama mashawarci a asusun DAO, amma makulli biyu suna hannunmu

Abban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Shawararku nake nema, abin dariyar kuma ni ma shawarar aka ce in zo in riƙa bayarwa. Wasu yaran unguwarmu ne masu harkar kwamfuta, biyu daga cikinsu ma ni na koyar da su lissafi a sakandare, sun haɗu da abokansu na Kaduna da Jos za su buɗe asusun tallafi a kan bulokcen, wato rijistar intanet da ake rubuta hada-hadar kuɗin kirifto a ciki, irin asusun da ake ce wa DAO wanda membobinsa ne suke tafiyar da shi. Kowa zai zuba abin da ya sawwaƙa, akwai wasu ƙananan kamfanoni uku da suka ce su ma za su zuba, sai a riƙa ba masu ƙananan ayyuka kuɗi ta hanyar ƙuri'a. Jiya bayan isha'i suka zo gida su huɗu, na shimfiɗa musu tabarma, suka ce so suke in shiga kwamitin mashawarta. Na ce aikina mene ne? Suka ce ba wani abu Malam, shawara ce kawai, ko ƙuri'a ma ba ka da ita. To bayan sun tafi na buɗe takardar da suka turo min, shafi tara ce, a shafi na shida na ga an rubuta duk wanda ya nemi tallafi sai mashawarta sun tantance shi kafin a kai shi gaban masu ƙuri'a, a shafi na takwas kuma an ce makullan asusun, wato lambobin sirrin da ake sa hannu da su a fitar da kuɗi, biyar ne, da uku ake buɗewa, biyu suna hannun mashawarta. Don Allah wannan shawara ce ko sarauta?

KB Kirifto: hhhh Malam karba kawai wlh, ai adbaiza yafi kowa jin dadi, a baka tokin (kudin dijital na asusun) kyauta a saka hotonka a shafinsu shikenan. kuma DAO ai babu shugaba, kod din kwamfuta ne yake mulki ba mutum ba

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam Malam. KB kai dai kullum hankalinka yana kan na banza. Ni ban iya bulokcen ɗinku ba, amma shekarata goma sha ɗaya ina uwar adashi, kuma abin da na sani shi ne wadda take rubuta jerin sunayen masu kwasa ita ce mai adashin, ko da kuwa ba ta zuba ko sisi. In na ce Ladidi ba za ta shiga wannan zagayen ba don ta yi mana wasa bara, wa zai yi ƙuri'a a kanta? Ai ba ta ma iso gaban jama'a ba. To wanda yake tantancewa kafin ƙuri'a ya fi mai ƙuri'ar ƙarfi, ku kira shi duk sunan da kuka ga dama.

Injiniya Sadiq: Anti kin gama magana wallahi. Malam bari in ba ka misalin da na taɓa da hannuna. A Cardano, wani tsarin bulokcen mai kuɗinsa da ake kira ADA, akwai Project Catalyst, a 2020 aka fara shi, ana ɗibar kuɗi daga baitulmalin tsarin ana ba masu ayyuka. Shi baitulmalin yana cika ne da kashi 20 cikin ɗari na tukunyar ladan da ake rabawa duk bayan kwana biyar, don haka ba ƙaramin kuɗi ba ne, zagaye na goma kaɗai a 2023 ADA miliyan 50 aka ware. To a can akwai waɗanda da farko ake kira mashawartan al'umma, aikinsu su karanta takardar mai neman kuɗi su ba ta tauraro daga ɗaya zuwa biyar, su duba amfanin aikin, su duba ko zai yiwu, su duba ko za a iya bin diddiginsa. Ba su hana kowa shiga ƙuri'a fa, wannan ya fi na yaranka sauƙi ma, amma ka ga takardu sun haura dubu a zagaye ɗaya, wa zai zauna ya karanta dubu? Mutum zai buɗe manhaja ne yana kan Keke Napep, ya ga masu tauraro da yawa ya danna musu ya rufe wayarsa. Ni na yi aikin a zagaye biyu, kuma zan faɗi laifina da bakina, akwai daren da lokaci ya kusa ƙarewa na duba takardu kusan ashirin tsakanin isha'i da asuba da fitilar waya da shayi, na ƙarshe-ƙarshen ban ma gama karanta kasafin kuɗinsu ba na ba su uku-uku na wuce. Wataƙila wani bawan Allah ya yi wata biyu yana haɗa takardar nan.

Abban Walid: Subhanallah. To Sadiq babu mai duba ku ne?

Injiniya Sadiq: Akwai Malam, tsofaffin hannu ne suke bin bayanmu, su ware sharhin da ya yi kyau su zubar da na shirme, wanda aka zubar da nasa ba shi da lada. Sai kuma aka koma tambayar su wa yake duba su. Daga baya ma an canza mana suna har sau biyu, aka bar cewa mashawarta aka koma masu tantance takardu, aka sake komawa masu sharhi. Ni a ganina hakan ya fi gaskiya, don abin da muke yi ya wuce shawara.

Barista Hauwa: Malam ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wajen sunanka zan shigo, don shi ne abin da suka zo nema ba iliminka na bulokcen ba, kar ka ji haushi. A 2016 an yi wani asusu a kan Ethereum, bulokcen mai kuɗin da ake kira ETH, sunansa ma kawai The DAO, wani kamfanin Jamus mai suna Slock.it ne ya rubuta shi, ya tara kuɗi kusan dala miliyan 150. An sa wasu sanannun mutane a matsayin masu kula, har da Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, aikinsu su amince da adireshin da asusun zai iya tura wa kuɗi. Jama'a suka ga manyan sunaye suka ɗauka ai waɗannan sun duba komai sun sa albarka, suka yi ta zuba. Gavin Wood, shi ma da shi aka kafa Ethereum, yana cikinsu, ya sauka tun watan Mayu saboda ya ga mutane suna yi wa matsayin fahimtar da ta wuce abin da yake. A watan Yuni wani ya samu ɓaraka a kod ɗin ya janye ETH kusan miliyan 3.6, rikicin da ya raba Ethereum gida biyu ke nan, har yau akwai Ethereum Classic. Abin da ya fi shafarka shi ne a 2017 hukumar SEC ta Amurka mai kula da kasuwar hannun jari ta fitar da rahoto ta ce tokin ɗin nan hannun jari ne a idon doka, cikin hujjojinta kuwa har da ƙarfin da masu kular nan suke da shi wajen zaɓar abin da zai je gaban ƙuri'a. Wato daidai shafi na shida ɗinka. Mu ma nan dokar zuba jari ta 2025 ta shigo da kadarorin dijital ƙarƙashin SEC ta Najeriya, don haka zancen wai babu shugaba ba zai cece ka ba ranar da aka zo neman wanda za a tambaya.

KB Kirifto: Barista ai wannan tsohon labari ne 2016 fa, lokacin ma ina JSS. yanzu ana odit din kod, wato a bincika shi, kafin a saki

Maman Hanifa: DAO dai DAO dai, Allah ya sa kuɗin ya dawo.

Bello Sakkwato: Hahaha Hajiya kin kashe ni. Malam ni zancen makullin nan shi ad damuwata, don ya taɓa cina. Wani ɗan guruf munka yi shekara biyu da sunka wuce, ba babba ba, mu wajen arba'in, munka tara USDT, kuɗin kirifton nan mai bin farashin dala, muna son mu riƙa taimakon masu koyon sana'a. Anka ce makulli biyar, da ukku a ka buɗewa, kowa ya yi murna wai babu mai iya cin amana shi kaɗai. Ashe mutum ɗaya shi ya buɗe ma mutum biyu walet ɗinsu, wato jakar kirifto mai riƙe da makulli, da wayarshi don sun ce ba su iya ba, ya rubuta musu kalmomin sirrin nan goma sha biyu ga takarda ya ba su, shi kuma ya ɗauki hoto ya aje. Makulli ukku na aljihu ɗaya ke nan mu ba mu sani ba. Ranar da ya bushi iska da ƙarfe biyun dare ya sa hannu ukku ya kwashe, kuma wallahi ga bulokcen ɗin komi daidai ya fito, sa hannu ukku cif, babu ƙarya ko ɗaya. Don haka Malam kar ka tsaya ga naku biyu, ka tambayi sauran ukkun hannun wa su ke, kuma wa ya buɗe musu.

Abban Walid: Innalillahi. Bello Allah ya mayar da alheri. Wallahi ni ma da na karɓa cewa zan yi ɗaya daga cikinsu ya buɗe min, don ban taɓa buɗe walet da kaina ba.

Bello Sakkwato: Amin Malam. To ka gani.

KB Kirifto: to ai kunga abinda nake fada kenan, duk matsalar mutane ce. a cire kwamiti a cire makulli a bar kuri'a kawai, inda mafi rinjaye sukace nan kudin zai tafi kai tsaye ba hannun kowa

Injiniya Sadiq: KB ƙanena an gwada wannan ai. A wani tsarin kirifto mai suna Beanstalk, watan Afrilun 2022. Mutum ya ajiye ƙudirinsa ya jira kwana ɗaya, sannan ya ciyo bashin nan na walƙiya da ake karɓa a mayar a cikin mu'amala guda, wajen dala biliyan ɗaya, ya sayi ƙarfin ƙuri'a har ya haura kashi biyu cikin uku, ya amince da ƙudirin kansa na a tura masa kuɗin asusun, ya biya bashin, duk a cikin daƙiƙu. Asarar ta kai dala miliyan 182. Ba makullin da ya sace, ƙuri'a ya yi kamar yadda dokarsu ta ce. Da akwai wasu 'yan mutane masu ikon cewa a dakata, ko da akwai jinkirin kwana biyu tsakanin ƙuri'a da fitar kuɗi, da ba haka ba. Shi ya sa ni ban ce a cire kwamiti ba, cewa nake a rubuta iyakarsa ƙarara a kuma rubuta yadda za a tsige shi.

Malam Ɗanjuma (admin): Jama'a wani ya turo min ta gefe yana tambayar hukuncin kirifto a shari'a, don Allah mu bar wa malamai wannan, ba shi ake tattaunawa ba yau. Wanda kuma ya saka linkin mainin na goge, na gaba fita zai yi. Ku ci gaba.

Barista Hauwa: Injiniya na yarda da kai rabi. Rubutawa ba ta isa ba in masu riƙe da kuɗin sun riga sun saba yin gaban kansu. Dubi Arbitrum, wani tsari a kan Ethereum mai tokin ARB, a 2023, ƙudirinsu na farko-farko, aka kawo wa masu tokin cewa su amince a ba gidauniyar Arbitrum ARB miliyan 750, mutane suka yi ta ƙin amincewa, sai gidauniyar ta fito ta ce ai dama ba izini ake nema ba, tabbatar da abin da aka riga aka yi ne, har an ma sayar da miliyan 10 daga ciki. An yi ca a kansu sosai kafin su ja da baya su kakkarya ƙudirin su sake kawowa. To in manya masu lauyoyi sun yi haka, yaran da suka zauna a tabarmar Malam fa?

Injiniya Sadiq: Gaskiya ne, amma ki ba 'yan Arbitrum nasu, kwamitin tsaronsu mutum 12 ne, sai 9 sun sa hannu kafin a yi aikin gaggawa, kuma zaɓensu ake yi, ana sabunta su rabi-rabi. Wannan shi nake nufi. A Cardano ma tun bayan canjin Chang na Satumban 2024 an raba abin gida uku, akwai wakilan masu ADA da ake kira DRep, akwai masu gudanar da rumbunan sitakin, wato masu injunan da ke tafiyar da tsarin, akwai kwamitin tsarin mulki mai mutum bakwai. Shi kwamitin ba ruwansa da ko aiki yana da kyau ko ba shi da kyau, abu ɗaya aka ce ya duba, ya saɓa wa kundin ko bai saɓa ba. Fitar da kuɗi daga baitulmali sai DRep masu kashi 67 cikin ɗari na ƙarfin ƙuri'a sun yarda sannan kwamitin ya ce bai saɓa ba, kuma in kwamitin ya fara wuce gona da iri ana iya kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa. Kundin ma sai da aka yi taro a kansa a Buenos Aires da Nairobi a Disambar 2024. Ban ce babu matsala ba fa, ƙarfin ƙuri'a ya taru sosai a hannun manyan DRep kaɗan, amma dai ka san wa ke da wane iko.

Abban Walid: To ga wani abu da na manta ban faɗa ba. A takardar an ce ƙuri'ar kowa gwargwadon abin da ya zuba ne. Na ɗan yi lissafi da alƙaluman da suka sa, kamfanonin nan uku in sun haɗa kai sun fi rabi.

Maman Hanifa: Ah to. Ashe ma asusun kamfani uku ne aka gayyaci talakawa su zo su yi tafi.

KB Kirifto: akwai maganin wannan ai, kwadratik. irin na Gitcoin, dandalin tallafawa ayyukan kirifto

Abban Walid: Yi min bayani KB, lissafi dai ba zai gagare ni ba in sha Allah.

KB Kirifto: yawwa Malam kaga anan ana duba yawan mutane ne fiye da yawan kudi. ana daukan tushen murabba'in abinda kowa ya bayar a hada sannan a ninka jimlar da kanta. mutum 100 kowa ya bada dala 1, tushen kowanne 1, an hada 100, an ninka ya zama 10,000. mutum daya ya bada dala 100, tushensa 10, an ninka ya dawo 100 dinsa. kaga kudi daya ne amma wanda jama'a suke so shi zai kwashi kaso mai tsoka daga tukunyar tallafin. Vitalik ne da wasu mutum biyu suka rubuta takardar a 2018

Abban Walid: Madalla, ashe kana ji a aji. To amma ni da nake da dala 100 ɗin me zai hana in buɗe walet 100 in zuba ɗaya-ɗaya?

KB Kirifto: shine matsalar Malam hhh, shiyasa suka kawo wani fasfo na tabbatar da cewa kai mutum daya ne

Maman Hanifa: Wannan ai tsohuwar dabara ce, mu mun sha ganinta. Mace ta zo ta ce hannu uku take so, ɗaya nata, ɗaya na ƙanwarta da ke Gusau, ɗaya na 'yarta, alhali duk ita ce, so take ta kwashe na farko da na biyu da na uku ta bar mu da jira. Ni maganinta a wajena sai na ga ƙanwar da idona ko na ji muryarta. To ku wa zai ga ƙanwar? Komawa za ku yi wajen kwamitin da KB ya ce a cire.

Bello Sakkwato: Wallahi Hajiya da ke munka ba makullin nan da yanzu kuɗinmu na nan.

Barista Hauwa: Malam wani abu kuma da ba a taɓo ba, biyan ku za a yi? In da tokin ɗin asusun za a biya ku to kun zama masu son farashinsa ya tashi, ba za ku so ku fito ku ce an yi ba daidai ba. In kuma kamfanonin ne za su biya ku, ka san kowa ya ci ladan kuturu. Sannan ɗalibanka ne fa, gobe ɗayansu ko ƙaninsa zai kawo takardar neman tallafi gabanka, a rubuta yanzu cewa mai alaƙa da mai nema zai tashi daga zaman, kar a bari sai ranar ta zo ana jin kunyar juna. Ni da za su ji tawa, mashawarci ya rubuta ra'ayinsa a fili da sunansa kowa ya karanta, amma kar ya iya hana takarda zuwa ƙuri'a sai in ta karya wani sharaɗi da aka lissafa tun farko, kuma mai tantancewa daban mai makulli daban. Mutum ɗaya ba zai zama shi ne mai gadin ƙofa shi ne ma'aji ba.

Injiniya Sadiq: Ƙari a kan na Barista, kar a ba mutum kuɗin aiki gaba ɗaya, a yanka shi mataki-mataki, ya nuna shaidar ya gama na farko a sakar masa na biyu, Catalyst ma can suka koma. Kuma su duba abin da wani asusun mai suna MolochDAO suka yi tun 2019, bayan an gama ƙuri'a ana barin kwana bakwai kafin kuɗi ya fita, duk wanda bai goyi bayan ƙudirin ba yana iya ɗaukar kasonsa ya fice. Wannan shi zai sa kamfanonin nan uku su ji tsoron danne ƙanana, don in sun matsa za su waiga su ga tukunyar ta rage.

Maman Hanifa: Wannan kam ban yarda da shi ba Injiniya. In kowa zai ɗauki nasa ya tafi duk ranar da aka kayar da shi, wa zai tsaya a gina abu? A adashi in kin shiga sai an zagayo.

Injiniya Sadiq: Anti a adashi kin san kowa zai kwasa wata rana, nan kuwa tallafi ne, kuɗin da ya fita ya fita ke nan.

Maman Hanifa: Duk da haka. A sa wa'adi dai, ko wata shida, kafin mutum ya iya ficewa.

Abban Walid: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina karanta ku na tura wa babban cikinsu tambayar Bello, na ce sauran makullai ukun hannun wa suke. Ga amsar da ya turo yanzu, wai ɗaya nasa, ɗaya na abokinsa na Kaduna, na ukun ba a yanke ba tukuna don haka shi yake riƙe da shi na ɗan lokaci. Ya kuma ce in na shirya gobe zai zo ya buɗe min nawa.

Bello Sakkwato: La ilaha illallah. Malam ƙirga da kyau.

Abban Walid: Na ƙirga Bello. Yaron kirki ne fa, na san mahaifinsa, ban zarge shi da komai ba, ina ganin bai ma hango abin ba ne. Na ce su dawo ranar Juma'a bayan la'asar su huɗun. Barista zan turo miki takardar ta gefe ki duba min shafi na shida da na takwas in babu damuwa, Sadiq kai kuma in kana gari ka zo ka nuna min yadda zan buɗe abin nan da hannuna.

Injiniya Sadiq: Ina gari Malam. Ka tanadi biro da takarda, kuma ranar ko ni kar ka bari in leƙa abin da kake rubutawa.